Malam Mu'azu Agogo da Injin Barci

Malam Mu'azu mijin yayata Kande ne. Manomin albasa ne a Jandutsi, kamar mahaifinsa, yana da fadama a bakin ruwa da gonar gero a tudu. Ba shi da sarauta, karatunsa kuma bai wuce na allo da 'yan littattafan farko ba. Idan ka shiga garin ka tambayi gidan Malam Mu'azu, sai an ce maka wanne. Idan ka ce Agogo, nan take za a nuna maka.

Sunan daga watan azumi ya samo shi. Tun yana sabon magidanci shi ke tashin unguwarmu sahur. Babu wanda ya naɗa shi. Yakan fito da sandarsa ya bi zaure zaure, ya buga ƙyaure, ya kira maigida da sunansa, ba ya gusawa sai ya ji an amsa. Har ladan shi yake fara tayarwa. Sannu a hankali mutane suka daina dogara da carar zakara, waɗanda suke da agogo ma suka daina ɗaura shi. Malam Mu'azu ba mai alfahari ba ne, amma wannan abu ɗaya yana jin daɗinsa. Yakan ce Allah bai ba shi ilimi ko dukiya ba, sai ya ba shi sauƙin barci don ya yi wa Musulmi hidima.

Da rana kuwa barci ne ke bin sa ko'ina. Yana gyangyaɗi a huɗubar Juma'a. A kasuwar Aliero ya taɓa yin barci a kan buhun albasarsa, mai saye na tsaye yana jiran amsa. Minsharinsa ana jin sa ta bayan katanga. Duk mun ɗauki wannan abin dariya, ni ma har da ni, don tsakanina da shi akwai wasan miji da ƙanen mata. Ita ma Kande ba ta tsira ba: mata suna yi mata tsiya cewa ta bar ɗakinta da gadonta ta tare a turakar miji kamar amarya. Ba ta taɓa ba su amsa ba.

Dariya ta ƙare ranar da ya zauna buɗe wa fangalin albasa ruwa, barci ya ɗauke shi. Maƙwabcin fadamarsa ne ya same shi kife a bakin hanyar ruwan, rabin fuskarsa a cikin laka. Muka kai shi Sakkwato. Likita ya riƙe shi a asibiti don a ga yadda yake barci, sa'an nan ya yi mana bayani. Ya ce idan Malam ya yi barci maƙogwaronsa yakan rufe, numfashi ya tsaya, sai jiki ya firgita ya farka, haka har gari ya waye. Ya ce jininsa ya hau, zuciyarsa ta gaji, kuma idan aka bar shi haka ana tsoron shanyewar jiki ko abin da ya fi wannan. Maganin, in ji shi, wani inji ne mai hura iska a hanci, wanda da wuya a same shi a ƙasar nan.

Lokacin ba a cika shekara goma da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Ɗansu Abdulmalik yana tuƙin mota a Jidda, shi ya nemo injin ya ba wani mai dawowa daga umra. Girmansa kamar babbar rediyo, da tiyo mai tsawo, da wani abin roba da ke rufe hanci, da maɗaurai da ke zagaya kai. Takardar bayaninsa da Turanci take, ni na karanta musu, tunda aikin akawu nake yi a Jega. Unguwarmu ba ta da wutar lantarki, don haka Kalilu mai gyaran rediyo ya haɗa shi da batirin babbar mota. Batiri biyu ne. Kullum da safe Malam Mu'azu yakan ajiye wanda ya yi aiki a bakin zaure, in ɗaure shi a bayan babur in kai caji Jega, in dawo da shi da yamma.

Ranar da aka fara gwadawa, bayan la'asar ne, a tsakar gida. Na ɗaura masa robar a hanci, ya shafa maɗauran, ya dube ni.

"Surajo, wanga ai takunkumin jaki ne."

"To, ga shi ya samu mai shi," na ce.

"Kunna dai, ɗan banza. In na mutu, kai za a tambaya."

Da na kunna, ya buɗe baki zai yi magana, iska ta fito ta bakin da ƙara, ya fizge robar yana tari. Kande ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya har da hawaye.

Sabawa ta yi wuya. Iska tana sulalewa ta gashin bakinsa tana hura masa ido, sai da wanzami ya rage shi sosai. Hancinsa ya bushe. Yakan cire robar cikin barci bai sani ba, a same ta a ƙarƙashin gado. Da safe maɗauran sukan bar masa layi a kumatu, abokansa a masallaci suna tambaya ko sabuwar tsaga aka yi masa da tsufa. Da azumi ya matso, ya je wurin liman ya tambaya ko iskar inji tana karya azumi idan ya kishingiɗa da ita da rana. Liman ya ce iska ba ci ba ce, ba sha ba. Ya dawo kamar bai so amsar ba. Duk da haka bai fasa ba, don Abdulmalik ya sha wahala kafin ya samo injin, kuma Malam mutum ne mai jin nauyin abin da aka yi masa.

A farkon azumin yana fita tashin mutane kamar kullum, saboda har lokacin robar tana damunsa tana farkar da shi. Sai wata rana jikinsa ya karɓi injin. Ya kwanta, bai sake sanin inda yake ba sai da hasken gari ya shigo ta taga. Kande ma haka. Ladan bai tashi ba, babu wanda ya tashi. Unguwa guda ta wayi gari ba ta sa komai a baki ba, sallar asuba ma a makare aka yi ta.

Ranar kuma an sa gayyar dashen albasa a fadamar wani maƙwabcinmu Sa'idu, ba a iya ɗagawa, don an riga an tuge irin. Mutane suka yini a duƙe cikin laka da cikin da babu komai tun buɗa-bakin jiya. Bayan azahar wani dattijo, Baba Ɗanlami, ya yanke jiki ya faɗi tsakanin fangali. Sai da aka ɗura masa ruwa ya farfaɗo. Da ya gane an ba shi ruwa, ya fashe da kuka, ya ce tun balagarsa bai taɓa shan azumi ba.

Babu wanda ya zagi Malam Mu'azu. Wasa kawai aka yi. Sa'idu ya ce, "Agogo, ashe kai ma batirinka shina mutuwa?" Aka yi dariya, shi bai yi ba. Da yamma ya tafi gidan Baba Ɗanlami da kwanon kunu, ya durƙusa ya nemi gafara. Tsohon ya ce babu komai, ƙaddara ce. Wannan bai sauke masa nauyin ba.

Washegari na tsaya a bakin zaure, babu batiri. Na yi sallama, ya fito, idanunsa jawur.

"Ina kayana?"

"Tahi aikinka, Surajo. Na mai da injin cikin kwalinshi."

"Malam, ka ji abin da likita ya ce."

"Na jiya. Amma azumin Baba Ɗanlami bisa wuyan wa yake? Mutane sun amince mani sunka kwanta, ni ko ina can ina jin daɗin barci kamar jinjiri. In anka yi sallah sai in koma."

Na yi magana har na gaji. Ya ce in bari ya ji da abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Sandarsa ta dawo bakin aiki, unguwa ta yi murna, gyangyaɗin rana ma ya dawo. Na ga yadda yake dafa bango idan ya miƙe.

Kwanaki kaɗan bayan haka na taso aiki na biya gidan da lemo don buɗa-baki. Na tarar da Kande zaune a bakin madafa, hannunta na dama a cikin ƙwaryar ruwa, fatar bayan hannun ta tashi. Tana dama kunu ne barci ya sace ta, tukunya ta karkace ta zubo mata. Malam yana tsaye a kanta yana faɗa irin na wanda ya tsorata.

"Wace irin mace ka barci gaban wuta? In da zanenki ya kama hwa?"

Yayata mace ce mai haƙuri, ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba. Ranar ta ɗago kai.

"Malam, yaushe kake so in yi shi?"

"Da dare mana, kamar kowa."

"Da dare ina da aiki."

Ta juyo wajena, kamar ni ya fi mata sauƙin gaya wa. Ta ce tun suna da ɗa ɗaya ta lura minsharinsa yakan yanke, ɗaki ya yi tsit, ƙirjinsa yana motsi amma iska ba ta shiga. Ranar farko ta ɗauka ya cika. Ta girgiza shi, ya ja numfashi, ya ci gaba da barci, da safe bai tuna komai ba. Shi ya sa ta bar ɗakinta. Tun daga nan take kwana da hannu a bayansa, in ya yi shiru ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Da azumi kuma," ta ce, "dole in tashi in ɗumama tuwo, kuma ba ni iya barin shi kwance shi kaɗai. Sai in yi ta zungurin shi har shi tashi zaune. In ya ɗauki sandatai ya hita, sa'an nan hankalina ka kwanciya in hura wuta."

Malam Mu'azu ya nemi turmi ya zauna.

"Ke ka tashe ni?"

"To wa? Kai da ko ganga anka buga bisa kanka ba ka ji."

"Ni ina cewa motsina ne ka tashe ki. Kullum sai in ga idonki biyu, in ce na dame ki."

"Ka dame ni kam," ta ce, ta ɗan yi murmushi. "Ran da munka makara, wallahi ban taɓa barci mai daɗi irin nai ba tun ina gidan Baba. Na ji ƙarar injin nan tana tahiya daidai, na ce bari in ɗan runtsa. In laihi ne, nawa ne, ba naka ba. Ni ya kamata in tai in ba Baba Ɗanlami haƙuri."

"Mi ya hana ki hwaɗa mani tuntuni?"

"Kana jin daɗin sunan. Mi zan ce?"

Ni ma ina cikin masu yi mata tsiyar gyangyaɗi a wurin biki da suna, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Aka kira magariba muna zaune. Malam ya ɗauki kofin ruwa ya riƙe mata a baki, tunda hannunta ba ya ɗaukuwa, kafin shi ya sha.

"Ki yahe mani, Kande."

"Ɗaura takunkuminka dai, shi ke nan."

Bayan sallar isha'i ya miƙe a masallaci, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce daga yau a nemi wani mai tashin sahur, shi ya ajiye sanda. Aka yi ta ba shi baki, ana cewa makara ɗaya ba komai ba ce. Ya ce ba shi ne Agogo ba tun asali, ya ci sunan wani ne, bai kuwa ƙara bayani ba. Liman ya raba aikin gida gida. Ba a taɓa samun wanda ya riƙe shi kamar da ba. Kafin sallah an sake makara, kuma duk ranar da aka makara sai Malam Mu'azu ya yini ba ya son haɗa ido da kowa.

Amma washegarin ranar da ya yi magana a masallaci, da na tsaya da babur, batiri yana bakin zaure.

Jininsa ya sauka, ya daina barci a kasuwa, ya koyi wanke robar da sabulu da kansa ya shanya a inuwa. Sunan Agogo bai bar shi ba, ko da yake in an kira shi da shi yakan amsa ne a hankali. Wata ɗabi'a kuma ya ɗauka wadda har yau yana kanta. Kande ta koma ɗakinta, kuma bayan azahar takan kwanta. A wannan lokaci za ka same shi zaune a bakin ƙofar tsakar gida da tsohuwar sandar nan a kan cinyarsa, yana korar kaji da awaki, yana tare masu sallama tun daga zaure. Na taɓa zuwa da saƙo daga Abdulmalik, na ɗaga murya tun daga waje. Ya fito da sauri, ya ɗora yatsa a baki.

"Sannu a hankali, ɗan banza. Yayarka na barci."

Na ce saƙon na gaggawa ne. Ya jawo mini tabarma da ƙafa, ya ce in zauna in jira.