Jan Gashin Lemuel

Tabitha Orne ta yi shekaru tana shafa jan launi a gidan buga zane na Mista Huckel, a Filadelfiya ta Amurka. Mu mata ne jere a dogon tebur, kowacce da launinta. Takarda za ta fito daga dutsen da ake buga zane da shi, baƙi da fari, sai ta bi hannu-hannu: shuɗi, ja, sannan ni mai ruwan ƙasa. Tabitha ba ta da surutu, amma jan hancin duk wani mashayi da garin nan ya yi wa dariya a zane, daga burushinta ya fito.

Mijinta Lemuel akawu ne a ofishin wani dillalin auduga. Zaman kujera ya lanƙwasa masa baya, likita ya ce ya riƙa motsa jiki, shi ne yake sulalewa da rana zuwa filin masu tsalle-tsalle. Maigidansa kuwa, mutum mai baƙin rai, ya rantse duk akawun da aka gani a can ya bar aiki ke nan.

Wata safiya aka kawo sabon zanen barkwanci: akawuna ramammu suna lilo a sandar ƙarfe, wanduna na zamewa. Na tsakiya ya maƙale kai ƙasa, kuma a samfurin da aka ba mu, gashinsa ja wur. Kaf layin ofisoshin nan mutum ɗaya ne mai wannan kai: Lemuel.

"Dorcas, na shiga uku," ta raɗa mini. "Gobe za a liƙa shi a tagar gidan nan, kowa ya gani."

"To ke, wa ke riƙe da ja?" na ce. "Tsallake kan, miƙo mini."

Haka muka wuni, tana tsallakewa, ina rina kan Lemuel ruwan ƙasa. Da Mista Huckel ya leƙo, cewa kawai ya yi, "Madalla, dama ja tsada gare shi." Kamar in rungume tsohon nan.

Ranar Asabar Lemuel ya zo tafiya da ita, ya tsaya gaban taga yana dariya har da hawaye.

"Tabi, zo ki ga wani gaula! Maigida ma ya rataya ɗaya a ofis. Wai na tsakiyar nan, in matarsa ta gan shi haka sai ta gudu."

Tabitha ta sauke ajiyar zuciya, har daga inda nake na ji. Ta gyara masa hula, ta danna ta sosai.

"Ba za ta gudu ba," ta ce. "Mu je gida."