Injin Oga Lawal Zai Tashi

Ina ƙarƙashin mota da safen nan a garejina na Safana, waya ta yi ƙara. Aka ce Oga Lawal Mai Takwas ya rasu bayan sallar asuba, a gidansa na Batsari.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe kwance a wurin da sifana a hannu, na kasa fitowa.

Shi ya koya mini kanikanci. Shekara tara ina hannunsa, bai taɓa cin abinci ya bar ni ina kallo ba. Ranar da ya yaye ni, akwatin kayan aikinsa ya buɗe ya ce in zaɓa. Na ɗauki sifanar da ya fi so da gangan. Ya harare ni, ya ce, "Ɗan nema, ka iya zaɓe." Ita ce a hannuna yau da aka kira ni.

Sunan Mai Takwas daga wani tsohon inji ya samo shi, V8, mai fulogi takwas. A Darini ya tsinto shi cikin wani mushen mota da kaji suka mayar wurin ƙwai. Kowa ya ce Oga ya sayo wahala da kuɗinsa. Shi kuwa ya ce gyara shi zai yi, ya ɗora masa sufacaja, ya sa shi a fikof.

Ɗan maƙera ne, don haka bai taɓa kiran abin sufacaja ba. "Zugazugi ne kawai, Auwalu. Ka ba wuta iska, ta ba ka ƙarfi."

Kuma ba don burga yake yi ba. Duk damina motoci na kafewa a yashin rafi kan hanyar Tsaskiya, wani lokaci da mara lafiya a ciki. Ya yi wa mutanen can alkawarin motar da za ta riƙa jawo su, kafin ruwan bana ya sauka.

Oga ba ya rubutu, ba ya sa alama. A rumfar ƙofar gidansa yake jera kayan inji kan tabarma, layi takwas, kowane fistin da nasa ƙarafa. Tsohon inji haka yake, kowane fistin ya saba da raminsa, in ka musanya ka kashe aikin. Wanda ya taɓa tabarmar nan kuwa ya shiga uku.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati biyu ke nan. Na same shi da ƙusa da guduma yana ɗan ƙwanƙwasa ƙarfe. Na ce, "Oga, alama? Kai da ka ce mai ido ba ya sa alama? Tsufa ya zo ke nan."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Yo mi ya kai ka? Ba don ni nika yi ba. Injin da mutum ɗaya kaɗai ya san kanshi ai ba inji ba ne, asiri ne."

Na yi dariya na hau babur. Wallahi ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Yau da muka dawo daga maƙabarta, na tarar an share rumfar tas, an shimfiɗa tabarmi don zaman makoki. Ita ce inuwar da ke ƙofar gidan, dole a nan za a zauna. Na tambayi ƙaninsa, Baba Isiya, ina kayan.

Ya nuna mini buhu biyu a jikin bango. "Mun gan su warwatse ne, muka ce a tattara kada baƙi su taka. Ko noti ɗaya bai ɓata ba, Auwalu."

Da zuciya ɗaya ya yi. Amma ni na tsaya ina kallon buhunan. Aikin shekara uku, an haɗe shi kamar gyaɗa a buhu. Na ce a raina shi ke nan, alkawarin Tsaskiya ya bi Oga.

Na durƙusa na zura hannu, na ciro fistin ɗaya. Babban yatsana ya ji wani abu. Ɗigo uku, na bakin ƙusa. Na ciro wani, ɗigo bakwai. Na zazzage buhun duka a gaban mutane, ko kunya ban ji ba. Kowane ƙarfe da ɗigonsa, daga ɗaya har takwas, babu wanda ya tsallake.

A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Mutanen Tsaskiya, ku ji da kyau. Na nemi izinin iyalansa, sun ba ni. Bayan addu'ar bakwai zan kwashe kayan zuwa Safana. Na san aikin, shi ya koya mini, kuma ya bar mini hanya a jikin ƙarfe. In Allah ya yarda injin nan zai tashi kafin rafi ya kawo, kuma ranar da ya yi gurnani har Batsari sai an ji.

Allah ya jiƙan Oga Lawal, ya yafe masa kurakuransa, ya sa duk motar da injin nan zai fitar daga yashi ta zame masa sadaka mai gudana. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah ya ba ni ikon mayar da kowane fistin raminsa.