Daminar da Zargi Ya Cinye Mana

Shekarun baya, ina aiki a wani labo, wato ɗakin binciken iri, a nan Zinder. Mu uku ne: ni mai gwajin gero, abokina injiniyan ban-ruwa, sai Madam, shef ɗinmu, wato shugabarmu. Kuran, wato wutar lantarki, na yawan ɗaukewa, kayan aiki duk sun tsufa, amma aiki na tafiya don bakinmu ɗaya.

Sai abokina ya je wani taro a Yamai. Ya dawo ko gaisuwar kirki babu.

"Malam, sakamakon geronmu mai jure fari na gani can," in ji shi. "Wani ne ya gabatar da sunansa. Namu ko ɗaya babu."

Na ce, "To wa ya ba shi?"

Ya ƙura mini ido. "Abin da nake tambaya ke nan."

Daga ranar labo ya canza. Na ce a raina, shi da ke yawan zuwa Yamai, wa ya san da wa yake shan shayi? Shi kuma ya tuna ina da ɗan'uwa a can. Na sayo kwaɗo na garƙame akwatin irina, sai ka ce zinariya ce ciki ba gero ba. Ya daina gaya mini awon ruwan da yake ba shuka, na daina gaya masa irin da ya tsiro. Kowa ya koma maimaita aikin da ɗan'uwansa ya riga ya gama.

Manoman Tirmini da muka yi wa alkawarin iri suka zo, suka koma, suka sake zuwa. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Malamai, ruwa fa ya sauka." Ba mu da abin ba shi, don gwajin irin bai ƙare ba. Tsohon irinsu suka shuka, ruwa ya ɗauke da wuri, geron bai yi ido ba.

Bayan girbi Madam ta kira mu biro, wato ofishinta, ta kasa haɗa ido da mu. Ashe ita ta aika wa tsohon malaminta sakamakon don ya duba mata, shi kuma ya miƙa wa ɗalibinsa. Kunya ce ta hana ta faɗa.

Mun yafi juna, har dariya muka yi. Abin da na koya shi ne, labo na iya jure rashin kayan aiki, amma ba ya jure zargi. Har yau muna zumunci da abokina, muna zuwa sunan 'ya'yan juna. Sai dai duk lokacin da zan gaya masa sabon abin da na gano, nakan ji na ɗan dakata tukuna. Wannan dakatawar ce na kasa warkewa daga gare ta.