Agogon da Na Hana Baba Taɓawa

Yaya Binta, jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Amma sai na fara gaya miki abin da na ɓoye, in ba haka ba ba za ki gane ba. Don Allah kada Inna ta ji.

Ranar Laraba da Baba ya zo Abuja neman kayan mota, ya biyo ta shagon agogon da nake aiki. Da rigar gareji ya shigo, farcensa duk baƙin mai. Lokacin ina nuna wa wani Alhaji agogon da ya fi kowanne tsada a wurinmu, wanda aka ƙera da siffar motar tsere. Ina ta zuba bayanin da aka koya mana: fuskarsa irin mitar gudun motocin da ce, madaurinsa na fata mai huji-huji daga safar hannun direbobin tsere aka kwaikwayo shi, ba ya aiki da batir, motsin hannu ke tafiyar da shi. Baba ya matso, ya leƙa bayan agogon ta gilashi, ya ce, "Kai Nura, wannan ai faifan burki ne suka ƙanƙanta." Ya miƙo hannu, na janye agogon. Oga ya tambaye ni wane ne, na ce wani dattijo ne daga unguwarmu. Baba ya ji. Ya yi mana sallama ya fita. Kuma Yaya, da na duba takardar agogon daga baya, abin da ya faɗa shi aka rubuta.

To, a mafarkin ina cikin shagon, amma ƙasan ba tayil ba ne, ƙasar garejin Baba ce ta Kaduna, wadda mai ya jiƙa ta yi baƙi. Agogunan da ke cikin gilashi duk suna ƙugi kamar inji. Ina sanye da farar safar hannun da muke sawa kafin mu taɓa kaya.

Sai kawai na gan ni zaune a wata jar mota gajeriya mai kujera biyu, sitiyarinta na katako. Mitar da ke gabana fuskar agogon nan ce. Allura tana ta hawa, motar kuwa ko motsi ba ta yi. Da na leƙa, sai ga ƙafafu biyu sun fito daga ƙarƙashinta, da silifas ɗin Baba, wanda ya ɗinke da waya.

Ya ce, "Nura, miƙo min sha uku."

Sufanar kwance noti mai lamba sha ukun tana nan kusa da ni, kwance cikin baƙin mai. Na dube ta, na dubi safar hannuna. Ban ɗauka ba. Ya sake faɗa, ba faɗa ba tsawa, irin yadda yake ce min tun ina firamare.

Sai kawai garejin ya zama fili, mutane sun cika ko'ina. Ga oga, ga Alhajin, ga makanikan layinmu, har ke na hango riƙe da ɗanki. Wata murya a lasifika tana tambaya, "Direban nan ɗan wane ne?" Ta yi ta maimaitawa. Kowa yana kallona, ni kuma na sunkuyar da kai.

Can sai na ji an buga bayan motar sau biyu da tafin hannu, kamar yadda Baba ke yi in ya gama gyara, ya ce wa mai mota, "Je ka, ta yi." Motar ta fizga da kanta. Na duba madubi, na gan shi tsaye yana goge hannu da tsumma. Ba ya murmushi, ba ya kuma fushi. Na yi ta ƙoƙarin juya sitiyarin, ya ƙi. Ina ta kiran "Baba, Baba," ƙarar injin ta danne muryata.

Nan na farka, wuyan rigata sharkaf da gumi. Tun asuba nake danna lambarsa ina kashewa kafin ta shiga.

Yaya, ke kin fi ni sanin halinsa. Bugun nan da ya yi wa motar, yafe min ya yi, ko sallamata ya yi?