Takardar da Inna Ta Ɗaga Sama

Sakamakon jarrabawata ta gama sakandare ba abin nunawa ba ne. Kiredit uku na samu: Hausa, Addini da Noma. Turanci da ƙyar na tsallake, Lissafi kuwa ya kayar da ni warwas. Ranar da na karɓo takardar a Kaura Namoda ninke ta na yi gida huɗu, ban buɗe ba har na isa Gurbin Bore.

Malaminmu na Noma ne ya zuga ni. Lokacin jiharmu sabuwa ce, an kuma fara Shari'a, kowa yana jin komai zai yiwu.

"Ka cika fam," in ji shi. "Kowace jami'a na da kason da tab ba jiha, mu ko ba mu da yaran cika shi. Ka nemi karatun share fage."

"Ni, Malam? Da wanga sakamako?"

"Kai hwa."

Ni kuma da na tashi rashin kunya, sai na zaɓi babbar jami'ar da masu kiredit takwas ke rububi. Adireshi na sa akwatin gidan waya na kawuna, direba ne a tashar Kaura, kullum yana bi ta garinmu. Sau ɗaya na tambaye shi ko an aiko da wani abu. Dariyar da ya yi a gaban mutane ta sa ban sake ba. Abokaina suka laƙaba mini Farfesa. Da aka yi girbi ban ji komai ba, na ce dama wa ya aike ni, na tafi Shinkafi ina awon hatsi a rumfar wani ɗan garinmu. Har na iya ba da labarin da kaina ina dariya, don kada a riga ni.

Gab da damina na dawo gida gyaran rufin ɗakin Inna, mahaifiyata, don yana yoyo. Na hau na zaro wata azara da gara ta cinye, sai ga takardu suna zubowa ƙasa kamar ana sheƙar gero. Inna ba ta yi boko ba, amma duk takardar da ta gani a ƙasa da rubutun Larabci, sai ta ɗauka ta kakkaɓe ta soke a rufi, kada a taka sunan Allah. Tun da masu wa'azi suka matsa a kan haka, ko ƙullin magani ba ta bari.

A cikin tarin na hango wani farin ambulan, ba a ko buɗe shi ba. Sunana ne a jiki. A kusurwa ga tambarin jami'ar, da ɗan rubutun Larabci a tsakiyarsa.

Ban san yadda na sauko ba. Na yaga, na karanta, na sake karantawa da yatsa, don ban yarda da Turancina ba. Sun ɗauke ni. Ni, mai kiredit uku. A ƙasa an rubuta ranar rajista, da gargaɗin cewa wanda bai zo cikin mako biyu ba za a ba wani gurbinsa. Na ƙirga da yatsu, wata biyar ke nan da wucewa. Na zauna daɓas a kan ƙasar rufin.

"Inna, wagga takarda yaushe taz zo?"

Ta ajiye tsintsiya ta leƙo. "Tun kaka. Kawunka yat turo ta ƙarƙashin ƙyaure, ba kowa gida. Nid dawo nig ga awaki na shirin taka ta, ga sunan Allah bisa. Nis sa ta sama."

"Ba ki hwaɗa min ba!"

"Kana Shinkahi. Mi na na ciki?"

Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba sai ranar. Na ce makaranta ce, babbar makaranta, sun kira ni, ta soke ni a rufi wata biyar ina can ina awon dawa. Na faɗi wasu maganganun da har yau ba na son tunawa. Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga.

Ta dube ni, bakinta a buɗe, ta dubi ambulan ɗin. Sai ta durƙusa a cikin ƙasa tana tsince sauran takardun ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta ɗauka sai ta goge da gefen zane ta miƙo mini.

"Duba wagga, ɗana. Wagga hwa? Ko da wadda ba ta wuce ba?"