Irin Kuɓewa a Tumbin Akuya

Shekarar da na je goyon ciki gidanmu a Maijirgi, na tarar Inna ta tare a bayan ɗaki. Wurin bai fi inda jaki zai yi birgima ba, an kewaye shi da darnin kara, a ciki akwai yakuwa da zogale da 'yan gindin kuɓewa. Kuɓewar ce abin ji. Gajera ce mai kauri, yauƙinta sai an yanke da yatsa, kuma irinta daga hannun kakata ya fito, daga wani ƙauye can wajen Mayahi. Daminar shekarar tsutsa ta cinye shukar farko, sai Inna ta juye ragowar irin da ke cikin gora ta sake shukawa bayan ɗaukewar ruwa. Da ruwan wanke-wanke da wanda take ɗaukowa daga famfo ta raine su. Ko ƙwaya ɗaya ba ta rage a ɗaki ba. 'Ya'yan da ta ware don iri ta ɗaura musu jan tsumma, duk gidan kuma mun san wanda ya taɓa mai tsumma zai ji a jikinsa.

A wajenmu idan an gama kwashe amfanin gona, mai gari kan sa a yi shela an saki gonaki. Daga ranar dabba ta shiga inda ta ga dama, mai ɗanyen ganye shi zai tsare abinsa, ba shi da bakin ƙara. Inna ta san haka sarai. Gara ta ci darnin daga ƙasa, kullum tana cewa Baba ya gyara, kullum yana cewa gobe.

Maƙwabciyarmu Bafulatana ce, aminiyar Inna tun kafin a haife ni. Ita ke kawo kashin awaki a kwando don lambun, Inna ta ba ta ganye. Tana da wata jar akuya mai ƙaton ciki, ɓarauniya ta gaske. Ni kaina na tsani akuyar, don ta taɓa tauna mini zane a shanya.

Wata rana da hantsi ina tsince wake, Inna tana daka, sai muka ji kara yana karyewa. Inna ta zagaya da taɓarya a hannu. Na ji bugu mai nauyi, na ji kukan akuya irin wanda ban taɓa ji ba. Kafin in ja cikina in isa, akuyar tana ƙasa, ƙafafun baya sun ƙi tashi, jan tsumma yana reto a bakinta. Gindin kuɓewar duk sun zama sanduna. Inna ta sake ɗaga taɓarya ta sauke mata a ƙugu, ta ƙara a ka. Jini ya ɓalle ta hanci. Na riƙe taɓaryar, ta hankaɗe ni na faɗa kan darni, matar da ko mari ba ta taɓa yi mini ba. Na ji tsoronta ƙwarai a ranar.

Baba ya shigo a guje. "Ke, mushe za ki maishe ta?" Ya zaro wuƙa, ya juya akuyar gabas ya yanka tana shure-shure. Jinin ya bi ramin da Inna ke zuba ruwa.

A haka maƙwabciyar ta same mu. Ta dubi akuyarta, ta dubi Inna.

"An saki gonaki ko ba a saki ba?"

"An saki," in ji Inna.

"To mi ta yi miki da ba a yarje mata ba?"

Inna ta fizge wuƙar daga hannun Baba, ta durƙusa ta farke cikin. 'Ya'ya biyu suka sulalo cikin jakarsu, ɗaya har ya motsa. Na dafe nawa cikin. Inna ko kallonsu ba ta yi ba. Tumbin ta jawo ta tsaga, ta cusa hannu har gwiwa cikin koren abin nan mai wari, tana lalube tana tsamo ƙwayoyin kuɓewar da haƙori bai fasa ba. Maƙwabciyar ta wanka mata mari har kallabi ya faɗi, ta ƙara, ta tofa mata yawu. Inna ba ta ɗaga kai ba, cewa kawai ta yi in miƙo mata rariya da ruwa. Abin da ta tace bai cika tafin hannu ba. Matar ta naɗe 'yan akuyar a bakin zanenta ta fita tana kuka.

Da yamma Baba ya ja akuyarmu ya kai musu a madadin tasu, mijin maƙwabciyar ya karɓa. Kwandon taki dai bai ƙara shigowa gidanmu ba.

Damina ta dawo, wasu ƙwayoyin suka tsiro, kuma jikokinsu nake shukawa yau cikin tsofaffin tayoyi a gidana na Tasawa. Da aka yi tsinkar farko na zo ganin gida, 'yata a baya. Inna ta zaɓi mafi kyau ta cika faifai.

"Kai ma ƙawata," ta ce. "Ki ce na gaishe ta."

Matar ta karɓe ni da fara'a, ta sauke yarinyar ta yi mata wasa, ta sa mata albarka. Sannan ta ɗauki faifan ta juye kuɓewar a gaban awakinta, ta karkaɗe shi ta miƙo mini.

Da na koma Inna ta dubi faifan. "Ta amsa?"

"Ta amsa, Inna."

Darni kaɗai ya raba gidajen biyu, kuma muna jin awakin suna gurgura. Inna ta tsaya ta saurara har suka gama. Ta yage bakin wani tsohon jan zane, ta zagaya bayan ɗaki.