Ranar da Hajo Ta Faɗi Sunan Ɗanta

Ranar Litinin, 14 ga Maris, 2022, na fara ganin Hashim Sabi'u, a tagar ɗakin kati na asibitin da nake aiki a cikin birni. Su uku suka zo: wani dattijo mai jar dara, da wata mata cikin hijabi ruwan toka, da saurayi dogo da suka zaunar a benci, rigarsa tana reto a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Aikina in tambayi suna da shekaru da unguwa. Na daɗe a tagar nan, na san uwar da ta kawo ɗanta na fari ba ta faɗin sunansa. Ko ta waiwaya wani ya faɗa, ko ta ce a tambayi mai ciwon. Saboda haka da dattijon ya ce ɗan farinta ne, shi na kalla. Kafin ya sake buɗe baki matar ta riga shi.

"Hashim," ta ce, yadda har na ƙarshen layi suka ji. "Sunansa Hashim. Ni na haife shi."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa a layin ta riƙe haɓa tana salati. Abin da ke biye na ji shi ne daga bakin su ukun, a zaman jiran likita da suka riƙa yi kusa da tagata, kuma sai da suka yarda na rubuta.

An haifi Hashim a wani tsohon gida a Yakasai, cikin lungun da ko babur sai ya karkata yake shiga. Uwarsa Hajo tana ƙaramar yarinya ta haife shi, ta kuwa yi masa kunyar ɗan fari yadda ta ga iyayenta sun yi. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba, wadda gidan ke kira Inna, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. In Hajo za ta yi zancensa sai ta ce "ɗan Inna", shi kuma ya taso yana ce mata Yaya, kamar yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Babu wanda ya taɓa ganin laifin wannan. A unguwar ma da ita ake misali in ana zancen alkunya.

Duk abin da uwa za ta yi, Inna ce ta yi masa. Ita ke leƙa idonsa ta ce ba shi da lafiya, ita ke tsare shi sai ya faɗi wanda ya taɓa shi. Tana kiransa angonta, tana yi masa gorin cewa duk bokonsa bai taɓa kawo mata cefanen da ya wuce goro ba. Shi kuma ya ce ya fasa auren, amarya ba haƙora. Da mahaifinsa Malam Sabi'u ya rasu yana sakandare, ƙanen mahaifin, Baffa Nata'ala, dattijon nan mai jar dara, mai sayar da gwanjo a Ƙofar Wambai, ya riƙe gidan, ya kuma tsaya har yaron ya gama jami'a da digirin lissafi. Shi ne na farko a gidan da ya kai nan.

Bautar ƙasa ta kai shi wani ƙauye a kudu, inda ya koyar a makarantar sakandare. Yana can Inna ta rasu. Kafin ya iso an riga an yi sadakar uku. Ya koma ya ƙarasa, ya dawo da kakinsa da takardarsa, aka ba shi ɗakin soro, wanda ƙofarsa ke kallon waje, kamar kowane saurayi da ya isa.

Da farko yana fita kullum. Ya cike fom a waya, ya cike a kafe na intanet, ya je jarrabawar ɗaukar aiki inda masu nema suka cika fili har kan katanga. Sau ɗaya aka kira shi intabiyu, ya ari kwat ya tafi, bai sake jin komai ba. Abokansa na majalisa suka laƙaba masa "Kofa", wato ɗan bautar ƙasa, suna tambayarsa yaushe za a yi walimar albashin farko. Yana dariya, daga baya ya daina zama. Wata rana ya bi Baffa kasuwa, ya tsaya gefe yana kallon ana kwance dila, ya ce a hankali ko akwai abin da zai kama. Baffa ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce Allah ya kiyaye, mai digiri guda ya ɗaga dilar gwanjo mutane su zage shi? Ya je gida ya huta, ofis na nan tafe. Baffa ya faɗi haka ne don girmamawa. Hashim bai sake tambaya ba.

Daga nan ƙofar ɗakin soro ta fara wuni a rufe, kuma kowa ya samo wa rufewar fassarar da ta kwantar masa da hankali. Baffa ya ɗauka irin aikin nan ne na kwamfuta da yaran yanzu ke yi daga ɗaki. Maƙwabta suka ce yaro ya natsu, ba shaye-shaye, ba yawon banza, har ana yi wa wasu samarin gori da shi. 'Yan masallacin lungu suka ɗauka ya koma wani masallacin. Ita kuwa Hajo, ma'auninta ɗaya ne: kwano. Tana zuba abinci ta rufe, a ajiye a bakin ƙofarsa, anjima kwanon ya dawo wanke tas. Muddin kwano na dawowa haka, ɗan Inna lafiya yake. Takan ji shirun ya yi yawa, takan tsaya ta cikin gida jikin bangon da ya raba su ta kasa kunne, amma zuwa ƙofarsa ta tambaye shi abin da ke damunsa bai ma zo mata a rai ba. Wannan aikin Inna ne, kuma ba wanda ya lura cewa tun da aka binne Inna babu mai yin sa.

Ana saura 'yan makonni azumi, da hantsi, Mikail ɗan garuwan da ke kawo musu ruwa ya juye jarkokinsa a randa, maimakon ya fita sai ya durƙusa daga bakin tsakar gida. Magidanci ne daga wani ƙauye, ya ce zai koma gida sharar gona, bai ga ya dace ya tafi bai yi godiya ba. Hajo ta ce godiyar me, ai kuɗinsa ake biyansa.

"Ta tuwo, Hajiya," in ji shi. "Tun bayan Babbar Sallah hannunki nake ci, rana da dare. Ko matata ba ta iya miyar kuka haka ba, kada dai ki gaya mata."

Hajo ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ta ce wane tuwo.

Mikail ya ce wanda Malam na ɗakin soro ke turo masa mana. In ya ajiye jarkokinsa a soro, sai a buɗe ƙofa kaɗan a miƙo kwano, ya cinye, ya wanke, ya mayar. Shi a zatonsa da saninta. Ya ce Malam ai bawan Allah ne, kullum azumi. Wani lokaci yakan gutsuri loma ɗaya ko biyu, wani lokaci ruwa kawai yake karɓa. Ya ƙara da cewa kwanan nan ma hannun kawai yake gani, kuma hannun ya zama kamar sillen kara.

Hajo ta ce ba ta san lokacin da Mikail ya fita ba. Tsayuwa ta yi tana kallon kwanon da ke kife a kan kwando, wanda ta yi wata da watanni tana gode wa Allah a kansa. Babu namiji a gidan. Baffa yana kasuwa, ƙannen Hashim suna makaranta. Ta fara tunanin ta jira Baffa ya dawo da yamma. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake shiga. Sai ta zari hijabi ta nufi soro.

Ba ta taɓa tsayawa a wannan ƙofar ba. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta yi sallama, shiru. Ta ce "Kai", ta ce "Ɗan Inna", ta buga da tafin hannu har wata maƙwabciya ta leƙo. Ta tura, ƙofar a sakale ta ciki. A nan ne ta tuna ba ta ji ko tarinsa ba tun jiya. Ta kifa goshinta a ƙyauren, ta buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa, kamar harshenta bai san hanyarsa ba. Sai a karo na gaba ya fito.

"Hashim. Hashim, buɗe mini."

Ta ji motsi, can kuma ta ji an zare sakata.

Abin da ta gani ya sa ta dafa bango. An toshe tagar da kwali, ɗakin duhu da warin rufi. Gashinsa ya cukurkuɗe, idanunsa sun faɗa, wandon kakin bautar ƙasa ne a jikinsa ya ɗaure shi da igiya don bel ya daina riƙewa. Wayarsa na ƙasa, a mace, ƙura ta rufe ta. Ya tsaya yana kallonta kamar bai gane ta ba, sannan ya ce, da muryar da ta dushe, "Yaya, ke ce kika kira ni?"

Ta shiga ta zauna a bakin katifar, ta ce ya zauna. Ta tambaye shi me ke yi masa ciwo. Ya ce babu inda ke ciwo. Ya ce abinci ne ba ya wucewa, in ya ɗaga loma sai ya tuna bai nemo ba, ƙannensa ma sun fi shi amfani a gidan. Barci ba ya zuwa, in ya zo kuma ba ya son tashi. Sallah ma sai ya yi ta kallon buta ya kasa miƙa hannu. Ya ce ya daɗe yana fatan ya kwanta kada ya farka, kowa ya huta. Duk wannan ya faɗe shi ne a sanyaye, kamar mai ba da labarin wani, kuma sanyin ne ya fi tsorata ta. Ta ce me ya hana shi faɗa. Ya ce wa zai faɗa wa?

Ta kama hannunsa, karo na farko tun yana goye, ta ja shi cikin gida. Ta dama kunu ta zauna a gabansa har ya sha rabin kofi.

Da Baffa ya dawo ya gan shi a tsakar gida, sai da ya nemi wurin zama. Ya daɗe yana innalillahi. Da ya dawo hayyacinsa ya ce wannan ba banza ba, hannu aka sa wa yaron don an ga ya yi karatu, ko kuma wani abu ya bi shi daga kudu. A kira malam. Hajo, wadda ba ta taɓa mayar masa da magana ba, ta ce a kira malam ya yi addu'a, ita ma za ta yi, amma da safe asibiti za su. Baffa ya ce in aka gan su a layin masu taɓin hankali, wa zai ba shi aiki, wa zai ba shi mata? Ta ce sai yana raye za a ba shi. Aka yi addu'ar da yamma, da safe suka zo tagata.

Likita ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma ba shi kaɗai ba ne cikin waɗanda suka gama bautar ƙasa suka zauna. An kwantar da shi na ɗan lokaci saboda ramar, aka sallame shi da magani da ranakun dawowa. A wancan lokacin Hajo ba ta taɓa fashin rako shi ba. Tana zama a bencin nan ta ce, "Hashim, ka sha ruwa," "Hashim, matso," kamar mai biyan abin da ya wuce ta. Baffa ya gaya mini cewa har yanzu in ya ji sunan a bakinta sai tsigar jikinsa ta tashi. Ya kuma ce maganar da ya yi a kasuwa ba ta barinsa barci. Shi da kansa ya je ya ce wa yaron rumfa na buƙatar hannu.

A unguwa an yi ta magana. Wasu matan suka ce Hajo ta zubar da kunya da girmanta. Wasu kuma aka ga sun fara leƙa ɗakunan soron gidajensu.

Zuwa lokacin da nake wannan rubutu, Hashim bai sami aikin ofis ba, yana dai ci gaba da nema. Da safe yana rumfar Baffa a Ƙofar Wambai, yana kwance dila yana ware kaya. Da yamma yana koya wa 'yan sakandare lissafi a wata makarantar lesin a Shahuci. Ciwon ya taɓa dawo masa da ya bar magani da kansa, aka mayar da shi kan maganin, yanzu yana zuwa asibiti shi kaɗai. Bai yi aure ba. Har yanzu a ɗakin soro yake kwana, an cire kwalin tagar. Ba a ƙara kai masa kwano ƙofa ba. A tsakar gida yake cin abinci, Hajo tana zaune tana gani.